Ƙishirwar Ladan Ilu

A Garin Cindo, wani ƙauye da ke tsakanin Gagarawa da Gumel, ba a taɓa jin zakara ya riga Ladan Ilu tashi ba. Shekara goma sha tara yana kiran salla, ko sau ɗaya asuba ba ta kuɓuce masa ba, rani da damina. Mutane suna cewa ibada ce ta hana shi barci. Suna kuma cewa ba ya zama sai da alwala, don duk inda ya tsuguna butarsa tana gefe, wata ƙatuwar butar duma da ta kusa rabin tulu, kuma kafin ka gama gaisawa da shi ya zagaya bayan masallaci ya dawo yana sabunta alwala. Iyaye har misali suke yi wa 'ya'yansu da shi.

Ilu yana jin yabon nan, yana sunkuyar da kai, mutane su ce tawali'u ne. Shi kuwa ya san abin da yake tashinsa. Mararsa ce.

Da can falke ne, yana kora jakuna da kanwa daga Damagaram zuwa Kano. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, ranar kasuwar Maigatari, wani raƙumi da ake ɗaura wa kaya ya yi masa shuri a ka. Kwana uku bai san inda yake ba. Da ya farfaɗo ruwa ya fara nema, kuma tun daga ranar ƙishirwa ba ta sake shi ba. Ya sha ya sha, abin ya bi ta jikinsa ya fita kamar an zuba a kwando. Wanzamai sun yi masa ƙaho, masu magani sun ba shi saiwoyi, malamai sun yi masa rubutu, kuma rubutun ya fi so, tun da shi ma ruwa ne. Fatauci dai ya gagara. Falke da nisan rijiya zuwa rijiya yake auna tafiyarsa, shi kuwa salkar ruwansa ba ta kai hantsi. Ya sayar da jakunan, ya dawo gida, ya tare a gindin rijiyar gari. Masallaci kuwa a jikin rijiyar yake.

A lokacin ladanin garin ya tsufa. Yana da ɗa, Ubale, sa'an Ilu kuma maƙwabcinsa, danga ɗaya ta raba gidajensu. Ubale ya gaji muryar ubansa, in ya buɗe baki har Fulanin da ke rugar bayan gari suna ji, amma in ya kwanta sai ka ce an binne shi. Ilu da yake tashi sau biyar sau shida kafin alfijir, shi ya riƙa hawa 'yar hasumiyar ƙasar nan yana kira in tsohon ya kasa. Da tsohon ya rasu, Liman Ɗantsoho ya ce ai mai yi shi ne mai ita. Ubale ya zo yi masa murna a gaban jama'a, ya fi kowa daɗewa riƙe da hannunsa. Ilu bai manta da daɗewar nan ba.

Azumin farko bayan an naɗa shi, ya ɗauka da gaske. Kafin azahar duniya ta yi masa duhu, ya faɗi a gindin rumbu. Da ya dawo hayyacinsa ya rarrafa ya jawo buta don ya yi alwala, ruwan da ya kai baki don kurkura kuwa bai dawo waje ba. Ya zauna yana jiran ƙasa ta tsage ta haɗiye shi. Ba ta tsage ba. Sai ya sake kurkurawa.

Ya yi niyyar gaya wa Liman, ya san marar lafiya yana da sauƙi a addini. Amma wa zai sha ruwa da kiran ladanin da bai yi azumi ba? Ga Ubale a gefe, murya a shirye. Ilu ya ce wa kansa bari baɗi, in ya kafu. Baɗi ta zo ya ce baɗin baɗaɗa. Ya tara gemu, ya koyi naɗa rawani yana zagayo da shi ƙarƙashin haɓa har ya rufe zakaran wuyansa, jama'a suka ce kamala ce ta ƙaru. Kurkura uku, kowace cike da tafi, ya furzar da ɗan abin da ido zai gani, sauran ya wuce. A ranar azumi yakan yi alwala ashirin. Da haka ladancinsa ya tsaya a kan ruwan da yake sata daga butar kansa.

Matarsa Sabuwa ita take cika randa sau huɗu a yini, kuma ba ta taɓa tambayar inda ruwan yake zuwa ba. Wannan shirun nata ya fi damunsa fiye da a ce ta yi magana. Ya kuma lura gero yana saurin sauka a rumbu duk watan azumi, ya ƙudurta a ransa cewa danginta na Sule Tankarkar take aika wa. Bai taɓa tuhumarta ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

A shekarar da aka kawo aikin hanyar jirgin ƙasa kusa da Gagarawa, azumi ya faɗo a bakin bazara. Ran sha ɗaya ga wata, bayan la'asar, Ilu ya zagaya lungun da ya saba, can bayan masallaci inda danga ta karye, sai ya tarar da Ubale a tsugune yana shafa ƙasa. Ubale mutumin garka ne, albasa da barkono yake yi, ƙasa ba ta ɓoye masa komai.

"Ladan, zo ka ga ikon Allah," in ji shi, bai ko ɗago kai ba. "Wata biyar rabonmu da ruwan sama, ga ciyawa ɗanya shar, har da 'yar tafasa."

Ilu ya ce Allah mai iko ne.

Ubale ya ce haka ne. Ya nuna can gefe inda sauran maza suke tsugunawa, ƙasar ta yi fari fat, ko tsinke babu. Ya ce kowa ya san fitsarin ɗan Adam ƙona shuka yake yi, balle na mai azumi da yamma, wanda yake fita ɗan kaɗan, ja kamar jiƙon goro. Amma wannan lungun, da mutum ɗaya kawai yake shiga, sai ka ce ban ruwa ake yi masa. Sannan ya miƙe ya kaɗe gwiwa, ya dubi Ilu da fuskar tausayi.

"Ba ka da lafiya, ɗan'uwana. Ban ga dalilin da za mu zuba ido ciwo ya cinye mana kai ba."

Da zagi ya yi, da Ilu ya san abin da zai mayar. Tausayi kuwa ba shi da makari.

Washegari maganar ta isa zauren Liman, kuma da rigar tausayin nan ta isa. Ubale ya ce ƙanen matarsa, Ɗantala, wanda ya yi soja har Kamaru ya jiyo Turanci, yanzu yana wanke wa leburori gyambo yana yi wa likitan masu aikin hanyar jirgi tafinta. Ɗantala ya ce likitan, wani Bature, yana da wani gilashi da yake gane lafiyar ƙoda daga fitsari. Sharaɗin kawai shi ne mutum ya yini bai sha komai ba a gaban idonsu, kuma wannan ai ba wani abu ba ne ga mai azumi. Shi Ubale zai bar garkarsa ya raka Ladan ya taya shi hira. Dattawa suka ce Allah ya saka masa, maƙwabci ke nan.

Ilu ya dubi Liman yana jiran ya ce ba a kai ladanin Musulmi gaban Nasara. Liman Ɗantsoho ya daɗe yana jan tasbaha, sannan ya ce neman magani ba laifi ba ne. Ilu ya kasa gane ko tsohon ya faɗa tarkon ne ko da shi aka ɗana.

Kwana biyu yana juya abin. In ya ƙi zuwa, ya amsa laifi da bakinsa. In ya je, an raba shi da buta. Ya gane lissafin Ubale sarai: a tsare shi yini guda, fitsarinsa ya yi ja kamar na kowa, shi ke nan an san sauran ranakun sha yake yi. Abin da Ubale bai sani ba shi ne Ilu bai tabbata zai kai faɗuwar rana da rai ba. Ilu ya tsare Sabuwa tana tankaɗe, ya tambaye ta ko ta yi wata magana da Hannatu matar Ubale a bakin rijiya.

"Wace magana gare ni da zan yi, Malam?" ta ce, ba ta daina kaɗa rariya ba.

Ya tsaya yana kallon ƙeyarta. Amsar nan ta yi daidai da bakin wadda ba ta san komai ba, ta kuma yi daidai da bakin wadda ta san komai.

Ranar tafiyar, da sahur ya sha har cikinsa yana ƙara in ya motsa. Ya kira asuba, aka yi salla, suka kama hanya shi da Ubale, suka isa sansanin rana tana fitowa. Rumfunan zana ne da tanti biyu, da tulin katakai da ƙarafa. Likitan dogo ne mai jan wuya. Da Ɗantala ya gama yi masa bayani sai fuskarsa ta washe, irin washewar maharbin da ya ga sawun da bai taɓa gani ba, abin da bai kwanta wa Ilu ba ko kaɗan. Ya sa hannu ya laluba kan Ilu ta ƙarƙashin rawani, ya tsaya daidai kan lotsawar da raƙumi ya bari, ya tambaya ko ƙishirwar daga nan ta fara.  Ilu ya dubi Ɗantala, ya dubi Ubale, yana neman wanda ya kai labarinsa. Ɗantala ya ce babu wanda ya faɗa, Baturen haka yake, da yatsa yake tambaya.

Aka ɗora shi a kan sikelin da ake auna kaya, likita ya rubuta. Ɗantala ya karɓi butar da hannu biyu, ya ce Baba Ladan ya yi haƙuri, ya rataye ta a jikin dirkar rumfa, inda Ilu zai yini yana ganinta. Aka ba shi kwalba mai faɗin baki aka nuna masa bayan zana. Ubale ya raka shi har can, wai ko jiri zai ɗebe shi.

Gilashin da ake ta magana ɗan siriri ne, mai ƙaton ciki da nauyi a gindi, wuyansa da zane-zane. Likita ya juye fitsarin a wata doguwar kwalba ya saka shi a ciki, ya nutse har kusan kai. Ɗantala ya yi bayani kamar yadda ya ji: ƙoda mai lafiya, in ta ga ruwa ya yanke, rowa take yi, ta riƙe ruwan a jiki ta fitar da gishirin da ɗan abin da zai ɗauke shi. Fitsari ya yi kauri, gilashin ya taso sama. In kuwa ƙodar ba ta iya rowa ba, ko an hana mutum ruwa haka za ta yi ta zubarwa, gilashin ya yi ta nutsewa. Ilu ya gane tun kafin ya gama. Wanda ya yi fataucin kanwa da gishiri ya san ƙwai yana tasowa a ruwan da ya ji gishiri.

Da hantsi ya yi, likita ya ce yana son na wani mai azumin don ya gwada, ya nuna Ubale. Ubale ya ja da baya, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kuma shi bai saba barin abin jikinsa a hannun mutane ba.

"Haba yaya," in ji Ɗantala, "kai da ka kawo mutum tun daga gari, kwalba ce za ta kore ka? In asiri kake tsoro, Bature bai san sunan uwarka ba."

Ubale ya bayar, bisa sharaɗin a zubar a gabansa ya tura ƙasa da ƙafarsa. Nasa ɗan kaɗan ne, ja, gilashin ya taso a ciki yana rangaji. Aka jera kwalaben biyu a kan akwati. Ubale ya dubi ta Ilu, fara tas kamar an ɗebo daga guga, ya ce ai da sauran rana.

Rana ta yi sama. Ilu ya zagaya sau huɗu, sau biyar, kowane zuwa kwalba cike, kowace kwalba fara, gilashin yana nutsewa inda ya nutse da safe. Leɓensa ya tsage. Harshensa ya zama kamar guntun fata da aka manta a rana. Duk da haka idonsa yana kan Ubale, yana ganin yadda hirar tasa take raguwa, yadda ya fara matsowa yana yi masa fifita da gefen riga, hannunsa yana ɗan taɓa aljihun Ilu, yana shafa naɗin rawani, yana neman gorar da aka ɓoye. Bai sami komai ba. Wani daɗi mai ɗaci ya ratsa Ilu. Yana mutuwa a hankali, kuma mutuwar tasa tana ƙaryata maƙiyinsa.

Gab da azahar sai ga Liman Ɗantsoho a kan jaki da dattawa biyu a ƙasa. Sun ce dubiya suka zo. Ilu ya san wanda ya gayyace su, ya kuma san an zaɓi lokacin da aka zaci fitsarin zai riga ya yi ja.

Aka ce a yi alwala. Likita ya yarda a kurkure baki muddin za a tofar. Ubale ya sauko da butar da kansa, ya ce shi zai zuba wa Ladan, ya kuma ce zafin ya yi yawa, a sauke masa rawanin nan ya sha iska. Kafin Ilu ya ɗaga hannu an warware. Wuyansa ya fito fili, fari sol inda rana ba ta taɓa gani ba, zakaran wuya a tsaye. Ruwa ya cika tafinsa, ya kai baki. Sanyin ya bugi harshensa, duk jikinsa ya miƙo yana roƙo, maƙogwaronsa ya buɗe da kansa kamar yadda ya saba shekara goma sha tara. Idanu takwas suna kan wuyan nan. Ya riƙe, ya riƙe, ya furzar duka a ƙasa. Ya yi haka sau uku. Bai taɓa yin ibadar da ta kai wannan wuya ba, kuma ya san ba don Allah ya yi ta ba.

Liman ya ce Ladan ya kira musu salla. Ilu ya miƙe da ƙyar, ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne, ya buɗe baki. Iska ce kawai ta fito, da wani ɗan kakari. Ya sake gwadawa. Leburorin da suka taru don salla suka dubi juna. Sai ya ji murya ta tashi a bayansa, cikakkiya, mai daɗi, muryar tsohon ladan da aka binne tun tuni. Ubale bai ko jira an ce masa ya yi ba.

Ilu bai san yadda aka idar da sallar ba. Ya dai ji an ɗora shi a sikeli, ya ji Baturen yana magana da sauri, ya ji yatsu a wuyan hannunsa. Ɗantala ya ce likita ya ce a tsaya haka nan, nauyinsa ya ragu da yawa, jininsa yana gudu, in aka ƙara sa'a biyu gawa za a mayar gida. Aka miƙo kwano cike da ruwa. Ilu ya dubi ruwan, ya dubi Liman.

"Sha, Ilu," in ji Liman. "Allah bai ce ka kashe kanka ba."

Ya kafa kai. Bai san akwai irin wannan shan ba. Babu furzarwa, babu waige, babu rawanin da zai ɓoye komai, zakaran wuyansa yana hawa yana sauka a gaban liman da dattawa da Nasara da leburori, da rana tsaka, a watan azumi. Ya shanye kwano uku.

Likita ya yi dogon bayani, Ɗantala ya taƙaita: ciwo ne, daga bugun da ya sha a ka, ƙodarsa ba ta riƙe ruwa ko ya sha ko bai sha ba, kuma ba shi da maganinsa a nan, maganinsa ruwa. Dattawa suka ce to ashe ciyawar bayan masallaci ba ta da wani zance. Ubale ya ga abin yana zamewa daga hannunsa, ya ajiye tausayin nan gefe guda.

"Tambaye shi, Ɗantala. Mai irin wannan ciwon zai iya yini guda bai sha ruwa ba? Shekara goma sha tara?"

Ɗantala ya tambaya. Likita ya yi 'yar dariya, ya girgiza kai, ya faɗi kalmomi kaɗan. Ko wanda bai ji Turanci ba ya ga girgizar kan. Ɗantala ya dubi mijin yayarsa, ya dubi Ilu da ke zaune da ruwa yana ɗiga a gemunsa, sannan ya ce likita ya ce abu ne mai wuya ƙwarai, sai wanda Allah ya ba.

Ɗaya daga cikin dattawan ya ce la'ilaha illallahu, ashe da waliyyi suke zaune ba su sani ba. Ɗayan ya matso yana neman hannun Ilu ya shafa.

Ƙofar tsira ta buɗe masa, babba. Ilu ya leƙa ya ga abin da ke ciki. Zai koma gida da ladancinsa, Ubale ya zama abin nuni. Kuma daga gobe duk garin za su zuba wa waliyyi ido su ga yadda yake yini, mata su aiko a taɓa musu butarsa, a zauna kusa da shi in yana alwala don neman tubarraki. Idon Ubale ɗaya ya kusa kashe shi, ina ga idon gari. Ga kuma Ɗantala, wanda zai riƙe wannan alherin a hannu har abada, ya san ranar da zai buɗe tafin. Bayan duk wannan akwai kwanon da ke gabansa. Ya ɗanɗana sha a fili, kuma ya ji ba zai iya komawa ga satar kurɓi ba. Daga baya mutane sun ce tsoron Allah ne ya sa shi magana. Yana fatan akwai shi a ciki, amma bai taɓa rantsewa a kai ba.

"Ba haka Bature ya ce ba," in ji shi, muryar ta ɗan dawo. "Cewa ya yi ba zai yiwu ba, kuma gaskiya ya faɗa. Allah gafarta Malam, ban taɓa kai azumi ba tun da na zama ladan. A kurkurar baki nake sha."

Dattijon da ya kama hannunsa ya sake shi a hankali.  Ubale ya shirya wa musu da rantsuwa da kuka, bai shirya wa wannan ba, sai ya tsaya kamar wanda ya jingina da ƙofa aka buɗe ta daga ciki.

Da yamma Liman ya kira Ilu zaure shi kaɗai. Ya ce masa azumi ya sauka daga kansa tun ranar da raƙumi ya shure shi, abin da ke kansa ciyarwa ce, sai kuma tuba a kan ruɗin da ya yi wa jama'a. Ilu ya ce to ciyarwar shekara goma sha tara fa, ina zai fara? Liman ya ce wannan an riga an yi. Tun azumi na biyu Sabuwa ta shigo wajen iyalinsa, wai wata maƙwabciya ce take tambaya, in mutum ciwo ya hana shi azumi me ake yi. An gaya mata. Tun daga lokacin, kowace ranar azumi mudun gero yana zuwa ɗakin A'i makauniya.

 Abin da ya fara zuwa wa Ilu ba godiya ba ce. Zafin rawanin nan ya tuna, bazara goma sha tara yana naɗe wuya don ɓoye wa mutum biyu abin da suka riga suka sani.

"Ashe Malam ya sani. Me ya sa ba a ce mini komai ba?"

Liman ya gyara zama, ya ce, "Da na yi magana, wa zai riƙa tashinmu da asuba?"

Ladancin dai bai tsira ba. Jama'a suka ce ba su ƙi shi ba, amma ba za su ƙara shan ruwa da kiransa ba, Liman kuma bai ja da su ba. Aka ba Ubale gadon ubansa. Ilu ya koma gida ya tarar da Sabuwa tana cika randa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman abin da zai ce, ita kuwa ta miƙo masa moɗa ba tare da ta dube shi ba, ta ce tuwo ya kusa. Maganar da suka yi a kai ke nan har suka tsufa.

Ubale ya kira asuba ranar farko, garin ya yaba. Ya kira rana ta biyu. Rana ta uku alfijir ya keto, masu sahur suna ta ci suna jiran kira, hasumiya ba kowa. Ilu yana tsakar gidansa, ya fito zagayawa ta shida, yana jin munsharin maƙwabcinsa ta cikin danga. Ya daɗe a tsaye. In ya koma ɗaki ya yi shiru, kafin sallar idi dattawa za su zo zaurensa da kansu.

Ya ɗauki taɓarya ya bubbuga dirkar dangar.

"Ladan Ubale. Tashi, ɗan ladan, gari zai waye maka."

Haka ya yi washegari, haka ya yi har shekara goma sha ɗaya da ya ƙara a duniya. Ya daina rawani, ya rage gemu, ya riƙa ja wa mata guga a bakin rijiya yana kafa kai ya sha a gaban kowa. Lungun bayan masallaci ya bushe kamar sauran, wani zogale kuma ya yi tashen girma a bayan ɗakinsa. Asuba ba ta ƙara kuɓuce wa Garin Cindo ba, baƙi suna yaba muryar ladaninsu. Ubale ya sha aiko da albasa da barkono, ya kuma sha roƙon Ilu, a matsayin maƙwabci, ya riƙa ɗan sassauta murya in zai tashe shi. Ilu yakan ce to, in Allah ya yarda. Da asuba kuma ya kira shi yadda gida uku na kowane gefe za su ji.